Sunan 'Yar Fari a Kaset

Alhamis, 24 ga Agusta 2006, da hantsi

Ta ci! Shifa ta ci, ta cinye duka, ko ɗaya ba ta bari ba! A Turanci ma A suka ba ta, har da tauraro a kai. Bismillahi, da shi ya kamata in fara, amma Allah Ya ga murna ce ta sha kaina. Alhamdu lillahi.

Tun daga matakala take ihu da takardar sakamakon GCSE, jarrabawar gama sakandare, a hannu. "Tsoho! Tsoho, fito ka ga abin da ba ka taɓa gani ba!" Na ce, "Ni da na yi ajin yamma da furfura a kaina, me za ki nuna min?" Ta ce ajin yamma ba makaranta ba ce, wurin shan shayin tsofaffi ne. Ja'ira. Tun da aka yaye ta take hannuna a flat ɗin nan na Rusholme a Manchester, ni da marigayiya matata muka raine ta, ga shi yau ta fi ni baki.

Na sauka Wilmslow Road da silifas, na gaya wa mai nama, na gaya wa mai sayar da katin waya. Sannan na kira Birmingham. Ubanta Sunusi ya ce madalla, ya shiga jero min darussan da ake bi a zama likita. 'Yata kuwa, uwar yarinyar, ta ce, "To, an gode Allah," ta tambaye ni ciwon ƙafata. Haka ya dace. Shifa 'yar farinta ce, mai tarbiyya ba ta rawar kai a kan 'yar fari. Ni ma uwar ce tawa ta fari, shi ya sa ko a littafin nan ba na rubuta sunanta. Maman Faizal kowa ke ce mata, da sunan ɗanta na biyu.

Juma'a, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Mun je kwaleji ta zaɓi darussan A-level, na share fagen shiga jami'a. Biology, Chemistry, lissafi, duk yadda ubanta ke so. Na huɗun ne ta ce English Language. Na ce, "Turancin me kuma, ke da har mafarki da shi kike yi?" Ta ce ba koyon Turanci ba ne, ba kuma karatun labarai ba. Wai nazarin yadda mutane ke magana ne: yadda jariri ke fara kama kalma, yadda mai talla ke jan hankalinka, abin da ya sa bakin mutumin Birmingham ya bambanta da namu na nan. Na ce wannan ai kowace tsohuwa a zangon Kumasi ta iya shi, gulma ake ce masa.

Sun ara mata ƙaramar rikoda. Kafin a buɗe aji za ta ɗauki hirar gida, ta rubuta yadda mutane ke kiran juna.

Litinin, 28 ga Agusta, da yamma

Mun dawo daga Erdington, unguwar iyayenta a Birmingham. An yi wa Shifa walima mai kyau, uwar ta dafa wake da shinkafa irin namu na Kumasi, Sunusi ɗan Kano ya ci faranti biyu yana cewa bai kai nasu ba. Yarinyar ta nemi izini ta ɗora rikodar a tsakiyar tabarma, kowa ya yarda. Sunusi har gyaran murya ya yi, ya yi jawabi kamar a rediyo. A hanyar tasha ya ce min, "Baba, wannan na huɗun da Physics ta ɗauka, jami'o'i sun fi ganin girmansa." Na ce a bari ta ɗanɗana.

Laraba, 30 ga Agusta, bayan azahar

Yarinyar da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, tun safe tana teburin kicin da abin ji a kunne. Ta kunna, ta tsayar, ta rubuta, ta mayar baya. Na ajiye mata burodi ya bushe a wurin.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba.

Litinin, 4 ga Satumba, bayan azahar

Dole in rubuta, in ba haka ba cikina zai fashe.

Jiya su Sunusi suka zo kawo mata kayan makaranta. Alhaji Mubarik, abokina tun Kumasi, yana nan da matarsa. Ana cikin cin tuwo yarinyar nan ta fito da takardunta, ta ce ta gama aikin, za ta karanta mana. Muka gyara zama. Ni har da washe baki, wawa.

Ta ce a kaset ɗin uwarta ta kira Faizal da sunansa, ta kira ƙanwarsa Nadia da sunanta har da lallaɓa. Ita kuwa daga farko har ƙarshe "ke", "yarinyar nan", "ta Manchester". Ta ce hatta sunan da ake kiran uwar da shi tsallake ta aka yi, aka ɗauko na ƙaninta. Sai ta ajiye takardar, ta dubi uwarta ido cikin ido ta ce, "Mama, faɗi sunana. Ba shi da wuya."

A gaban baƙi. A gabana.

Uwar ta tashi ta shiga kicin. Yarinyar ta bi ta da wata magana da Turanci, wadda ba zan rubuta ba ko za a yanka ni. Matar Alhaji ta fara laluben takalminta. Su Sunusi ko shayi ba su tsaya sha ba.

Wannan shi ne darasin? A ba yaro rikoda ya je ya tona wa uwarsa asiri? Wane asiri ma? Kunya ce! Ba a kama sunan ɗan fari, tun kaka da kakanni. Don ya fi tsada ne ake ɓoye shi. Na gaya wa yarinyar haka da ƙarfi har maƙwabta suka buga bango. Ta ce, "To me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min?" Ana gaya wa mutum irin wannan ne? Gani ake yi a gane.

Talata, 5 ga Satumba, da hantsi

Sunusi ya kira. "Baba, darasin nan leƙen asirin iyaye yake koya wa yara. Shifa za ta bar shi ta ɗauki Physics. Kwalejin sun ce ana iya canzawa zuwa Litinin sha takwas ga wata. In Shifa ta ƙi, Shifa za ta dawo Birmingham, akwai makaranta nan kusa da mu, na riga na yi musu magana."

Shifa, Shifa, Shifa, a kunnen surukinsa, kamar mai tallar gyaɗa. Akanta guda, ɗan Kano, bai san ba a yi ba? Kuma wa ya ba shi? Yarinyar da suka miƙo mana da zanen goyonta, suka ce ta zama tamu. Da take haƙori yana ina? Da ƙyanda ta kama ta wa ya kwana a asibiti? Yau ya riga ya yi wa makaranta magana.

Abin haushin, a kan darasin gaskiyarsa ne. Ni ma so nake ta bar shi.

Na leƙa ɗakinta na ce, "Kin so a kama sunanki. To ubanki ya kama, da akwati a haɗe." Ta ce ba za ta bar darasin ba, ba kuma za ta je ko'ina ba. Ta rufe ƙofa. Ba ta buga ba, wannan kam na koya mata.

Alhamis, 7 ga Satumba, bayan magariba

Ba ta yi min magana, ba na yi mata. Ta dafa shinkafa ta ƙone. Na cinye da gangan.

Juma'a, 8 ga Satumba, bayan Juma'a

A ƙofar masallaci Alhaji Mubarik ya ja ni gefe. Ya ce, "Iliasu, ka mayar musu da 'yarsu. Yaran ƙasar nan sai iyayensu. Kai ma ka huta." Na ce, "In huta da wa?" Ya ce ai akwai talabijin. Shekara hamsin muna tare, talabijin yake ba ni.

Na dawo a ƙasa ban hau bas ba, don kada in zagi wani a ciki. Ƙafar ta kumbura. Gobe Shifa za ta ce in je wurin GP, likitan unguwarmu, in tana magana da ni kenan.

Lahadi, 10 ga Satumba, da safe

Takalmanta uku a bakin ƙofa, kullum ina tuntuɓe da su, kullum ina faɗa. Yau na tsallake.

Litinin, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Na sa babbar riga na ɗora kwat a kai, na tafi kwalejin in cire ta da kaina. In ta bar darasin Sunusi ba shi da hujja, shi ke nan.

Malamar sunanta Celestina, baƙar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta ba ni kujera. Na zazzage mata duka da Turancina na ajin yamma, inda ya ƙare na cika da hannu. Na ce kun ba yarinya wuƙa ta je ta soki uwarta.

Ta saurara har na gaji. Sannan ta ce ta yi baƙin ciki da abin da ya faru, kuma da ta san za a karanta aikin a gaban baƙi da ta hana. Ta ce rashin kama suna don girmamawa akwai shi a ƙasashe da yawa, za su karanta shi a zango na biyu. Wai yana cikin littafi. Kunyarmu a littafi, yara na jan layi a ƙarƙashinta da jan biro.

Na ce, "To ki cire ta."

Ta ce, "Ku ne masu ikon wannan, ba ni ba. Amma in kun tambaye ni ko darasin ya dace da ita, gaskiya ban sani ba tukuna. Tana da kunne, irin wanda ba kowace shekara nake samu ba. Sai dai ta ji abin da ba a faɗa ba, nan take ta yanke hukunci. Mu a nan tambaya muke yi: wa ke wurin, a ina, a gaban wa. Na mayar mata da aikin na ce bai kammala ba. In ba za ta iya haƙurin tambaya ba, gara ta yi Physics, za ta ci, ba zan riƙe ta ba."

Ba za ta iya ba? Shifa? Yarinyar da ta wuni a kan kaset ɗaya burodi na bushewa a gabanta? Na ce, "Malama, ba ki san ta ba." Ta ce, "Shi ya sa na ce ban sani ba."

Na je in cire ta, na dawo ina jin haushin an ce wai ba lallai ta iya ba. Har yanzu ban gane yadda matar nan ta juya ni ba.

Laraba, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Ta kawo min shayi. Na san akwai magana.

Ta zauna a ƙasa ta ce, "Tsoho, tambaya zan yi, ba faɗa ba. In Mama ta zo gidan nan, kana ina?"

Na ce, "Gidana ne, ina zan je?"

"In za ni Erdington, wa ke kai ni?"

"Ni mana. In saki 'ya mace a bas ita kaɗai?"

"In ta kira waya, wa ke ɗauka? Ina kake zama in ina magana da ita?"

Na waiga. Wayar a gefen kujerata take.

Ta ce, "Na yi ta tunani tun da Malama ta mayar min da aikin. Ban tuna ranar da na zauna da Mama ba ka nan ba. Da kai da Kaka, yanzu kai. Duk abin da na ɗauka a kaset, a gaban babanta ta faɗe shi."

Na ce, "Au, ni ne kenan?"

Ta ce, "Ban ce kai ne ba. Cewa na yi ban san yadda take magana in ba ka nan ba. Wataƙila haka take, wataƙila ba haka ba. Ba ni da wannan kaset ɗin." Sai ta ce tana so ta je Erdington ranar Juma'a, ita kaɗai, ta kwana biyu.

Ita kaɗai. Gidan da aka riga aka yi wa makaranta magana. Ta shiga, Sunusi ya mayar da ƙofa, ni in zo in tsaya a titi ina kiran wa?

Na ce ba za ta ba. Shayin ma ban sha ba.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan asuba

Yanzu rakiya ma ta zama laifi. Ka ɗauki yaro a kafaɗa ka kai shi wurin uwarsa, a ce ka tare hanya.

Alhamis, bayan azahar

Na zauna ina ta juya maganar. Haushin bai tafi ba. Amma ranar tuwon nan da yatsa ta nuna uwarta, jiya kuwa zama ta yi a ƙasa, ta jero tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma da na yi mata tsawa ba ta rama ba, jira ta yi. Ban taɓa ganin Shifa ta jira ba.

Na san wannan fuskar. A ajin yamma akwai wanda ke zuwa don ɗumin ɗaki, akwai wanda karatun ya kama shi ya ƙi saki. Ana gane na biyun, ba ya jin ƙararrawar tashi.

In na hana ta, ranar Litinin ko dai ta bar darasin tana kallona da shi har in mutu, ko ta ƙi bari Sunusi ya zo da mota. In na bar ta, wataƙila ba ta dawo ba.

Na kira ta na ce, "Za ki. Amma ki ji. Kina shiga ki durƙusa ki gaishe ta. Ki nemi gafarar maganar nan da kika yi, da Hausa, ko ta karye miki a baki. Rikoda tana jaka sai ta yarda. In ta yi shiru, ki yi shiru." Ta ce, "To, Tsoho." Ta rungume ni ta wuya kamar za ta shaƙe ni. Na ce ta sake ni, ba yafewa na yi ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Na kai ta tasha. Ta ce Lahadi za ta dawo. Babbar jaka ta ɗauka. Kwana biyu, me za a yi da babbar jaka?

Asabar, 16 ga Satumba, da safe

Ba ta kira ba.

Asabar, bayan azahar

Ba ta kira ba. Wayar lafiyarta ƙalau, na ɗaga na ji.

Asabar, bayan magariba

Sunusi ya kira. Gaisuwa, ƙafa, ko na je wurin GP, yanayin gari. Ko kalma ɗaya a kan yarinyar. Yau kuma kunyar ta dawo masa! Ina jiyo dariyar mata daga can ciki, ban gane ta wa ba. Ban tambaya ba. Ni in tambayi suruki labarin jikata? Allah Ya kiyaye.

Lahadi, 17 ga Satumba, bayan azahar

Na dafa na mutum biyu. In ba ta zo ba in ci gobe.

Litinin, 18 ga Satumba, da hantsi

Ta dawo! Jiya da la'asar, kuma ba ita kaɗai ba. Na buɗe ƙofa na ga uwarta a bayanta riƙe da hannu ɗaya na babbar jakar, suna gardamar wa ya manta lemar a bas.

Uwar ta durƙusa ta gaishe ni. Da aka natsa ta ce, kanta a ƙasa, "Baba, in kun yarda, a bar ta ta yi darasin. A nan, wurinku. Na yi magana da baban Faizal."

Na ce, "Shi mai makaranta kusa da gida me ya ce?"

"Ya ce in Chemistry ya yi ƙasa, shi da ku ne."

Na ce ya zo, ina nan. Na ce kuma maganar darasi ba ta Birmingham ba ce, tawa ce, ni ke riƙon yarinya. Ta ce haka ne, Baba. Na bar su suna jira har na gama shan ruwa, sannan na ce ta yi. Na yanke wannan tun ranar Alhamis, amma ba sai sun sani ba.

Da uwar ta shiga alwala na jawo ja'irar gefe na ce, "Ta faɗi sunan naki?"

Ta ce, "Tsoho, ƙa'idar darasinmu ce, abin da mutum ya faɗa maka a kaset amana ne, ba a ba wani sai da izininsa."

Na ce, "Ni ne wani?"

Ta ce, "Kai ne ma babban wani."

Ka ji fa. Mako biyu da suka wuce a gaban baƙi take karanta asirin mutane, yau ni ake wa amana. Ban san me suka ce wa juna ba, kuma da alama ba zan sani ba. Idon uwar dai a kumbure yake, nata ma haka, kuma tun jiya bakinsu bai rufe ba.

Yau da safe, kafin ta tafi kwaleji, na fito na tarar da abin da ban taɓa gani ba a gidan nan. Uwar tana kan kujera, yarinyar a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ana yi mata kitso. A falo. Da na shigo hannun uwar ya tsaya. Na ɗauka za ta tashi. Sai ta ƙwanƙwashi kan yarinyar da mataji ta ce, "Ke, tsaya mana, kai kamar na ƙadangare," ta ci gaba. Shifa ta ce, "Wayyo Mama!" tana dariya har da hawaye. Ni na rasa inda zan sa idona, na koma kicin na kunna ruwa ba don komai ba.

Ta tafi aji da kitso rabi, ɗankwali a kai, rikoda a jaka. Na ce ta gaya wa Malama Celestina tsohon nan ya ce yanzu ta sani.

Uwar tana nan har Laraba, yau da yamma za a ƙarasa kitson. Na aika a sayo kaji. Alhaji Mubarik, kai da ka ba ni talabijin, ka zo da Hajiya, ku da kuka ga na ranar tuwo. Sunusi, ka rufe ofis ka kamo hanya da yara. Mutanen masallaci, maƙwabtan da suka buga min bango, kowa da kowa, ƙofa a buɗe take daga la'asar. Kada wanda ya tambaye su komai. Ku zo kawai ku gani.